Agustan 1991: Jihar Kebbi, shafin intanet na farko, da darasin gora da homa

1/ Jama'a, ga wani zare mai ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵 A wata ɗaya aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka kuma buɗe wa duniya shafin intanet na farko: Agustan 1991. Za mu bi tarihin su biyun, mu ga dalilin da ya sa shafin da zai ba da labarin Argungu bai kamata ya fi ƙarfin wayar ɗan Argungu ba.

2/ Ranar 6 ga Agusta 1991, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya sanar da jama'a abin da ya ƙirƙiro. Kwana 21 bayan nan, ranar 27 ga wata, gwamnatin Janar Babangida ta yanko Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birni.

3/ Shafin nan na farko babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Babu kiɗa, babu abin da ke motsi. Baƙin rubutu ne a farin fili, da wasu kalmomi da in ka danna za su kai ka wani shafin. CERN ta dawo da kwafinsa, har yau yana nan. Ko sabis ɗinka sanda ɗaya ne, kafin ka ƙifta ido ya buɗe.

4/ Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa. Mu fara da Kabi, don jihar ce aka yi a 1991, ita daular ta girmi haka da kusan shekara 500. Wajen 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya kafa mulkinsa a wannan kwari na gulbin Rima.

5/ Babban birninsa Surame ne, mai ganuwar dutse. Kangon yana nan cikin jihar Sakkwato ta yau. Daga baya sarautar ta koma Birnin Kebbi. Ƙarfin Kabawa kuwa a ruwa yake: gulbi, fadama, kwale-kwale, kifi da shinkafa. Maharin da bai san fadama ba, laka kaɗai ta ishe shi yaƙi.

6/ A 1805 dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka ja da baya, a ƙarshe Argungu ta zama cibiyarsu. Shi ya sa yau fadar Sarkin Gwandu take Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuma yana Argungu. Da yawa cikinmu ba mu taɓa tambayar dalili ba.

7/ Kusan duk ƙarni na 19 ana fafatawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato. Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabawa a 1849. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, ya riƙe na 'yan shekaru, aka koma fagen daga. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, yaƙi ya tsaya, amma zukata ba su gama hucewa ba.

8/ Sai 1934. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarki Muhammadu Sama. Don girmama baƙon aka shirya gagarumin su a Matan Fada. Daga nan ake lissafin bikin kamun kifin da duniya ta sani yau. Wato bikin nan na sulhu ne tun daga tushensa.

9/ Shi su ɗin kansa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba. Kabawa suna da al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa tun kaka da kakanni, ba a faɗa wa gulbi haka kawai sai masu ruwa sun ba da izini. Akwai Sarkin Ruwa mai kula da lafiyar gulbi, akwai Homa shugaban masunta.

10/ Toh, ga wurin da nake so mu tsaya mu duba da kyau. Ranar babban su, mutum dubbai ke jeruwa a bakin gulbi, a ba da alama, su kwasa a guje su faɗa ruwa. Me kowannensu ke ɗauke da shi? Abu biyu kacal: homa a hannu, gora a ƙirji. Babu injin, babu komar zamani.

11/ Ku duba gorar nan. Shuka ce, a gona ta fito. An ƙwaƙule cikinta, an bar mata baki. A kanta masunci ke kwanciya ya yi iyo, a cikinta yake jefa ƙananan kifin da ya kama. Abu ɗaya, aiki biyu, kuma yaro ma zai iya ɗaukarta da hannu ɗaya.

12/ Homa kuma itace ne da aka lanƙwasa aka ɗaura masa raga. Da irin waɗannan kaya ake fito da giwan ruwan da ya fi wani ƙaton nauyi. A 2005 wanda ya yi na ɗaya kifinsa kilo 75 ne. Mai iyo ba ya yi wa kansa kaya, don duk abin da ya ƙara shi zai ja shi ƙasa. Iya ruwa fidda kai.

13/ Akwai doka ta biyu da mutane ke mantawa: ana hana su a wannan yanki na Matan Fada sauran watannin shekara. Ana barin kifi ya hayayyafa ya girma. Ba don haka ba, da ranar biki babu abin da za a tarar sai laka da kwaɗi. Gulbi yana da iyakar abin da zai iya bayarwa, masunta sun san da haka.

14/ Mu koma intanet. A Afrilun 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. A shekarar nan manhajar Mosaic ta fito, wadda ta sa hoto ya zauna tare da rubutu a shafi ɗaya. Mutane suka ji daɗi, suka shiga lafta wa shafuka kaya.

15/ Daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga zamanin Flash. Shafi zai buɗe da kiɗa, ganye na faɗowa, ruwa na kwarara, tsuntsu na shawagi. Masu zane suna cewa sun kwaikwayi halitta. Kai kuma kana zaune kana kallon kashi 12, kashi 13 cikin 100, kuɗinka na tafiya.

16/ Wayoyi ma sun yi nasu yayin. Manhajar littattafai sai an zana mata kantar katako, ta rubutu sai an yi mata launin fata da takarda. A 2013 Apple ta share wannan salon daga iPhone. Flash kuma Adobe ta rufe shi ranar 31 ga Disamba 2020. Shafukan da aka gina kacokan a kansa yawanci sun daina buɗewa.

17/ Ku lura da wannan: shafin 1991 mai rubutu zalla yana raye, shafukan ƙawa na 2005 da aka kashe wa kuɗi da yawa sun mutu. Ga mai son ajiye tarihin garinsu a intanet, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

18/ Duk da mutuwar Flash nauyi bai ragu ba. Masu auna shafukan duniya sun nuna matsakaicin shafi a yau ya haura MB 2. Yawancin nauyin hotuna ne, da bidiyo, da lambobin manhaja da ke gudana a ɓoye, wasunsu aikinsu kawai talla da bibiyar inda ka shiga.

19/ Mu a nan ta wace ƙofa muka shigo? Kafin 2001 layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, a Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Glo ta zo a 2003 da cajin daƙiƙa. Yayyenmu kuma kafe suke zuwa su sayi awa ɗaya don duba saƙo.

20/ Abin da ya shigar da talakan Arewa intanet ba kwamfuta ba ce. Ƙaramar Nokia ce da Opera Mini. Dabarar Opera Mini ita ce, kafin shafi ya iso wayarka sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin su matse shi, su rage masa nauyi, sannan a turo maka. Data kaɗan, karatu mai yawa.

21/ Wanda ya yi zamanin 2go ya tuna. Manhaja 'yar ƙarama daga Afirka ta Kudu, rubutu zalla, amma ta haɗa samari da 'yan mata daga Yawuri har Kamba. A 2015 Facebook da kansa ya fito da Facebook Lite, bai kai MB 1 ba, saboda ya gane manyan manhajojinsa sun fi ƙarfin wayoyi da sabis irin namu.

22/ Wato duk abin da ya samu karɓuwa a wurinmu tun farko mai sauƙi ne, irin gora da homa. Kuma matsalar ba ta wuce ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Mai sayen datar naira 100 ko 200 ya san zafin kowane MB.

23/ Akwai wani tarihin da ke tafiya gefe da wannan, na waɗanda ba sa gani, ko ba sa ji, ko hannunsu ba ya iya danna ƙaramin maɓalli. Tun ƙa'idar rubuta shafi ta 1995 aka tanadi wurin da mai zane zai rubuta bayanin hoto da kalmomi, don wanda hoton bai buɗe masa ba ko ba ya iya ganinsa.

24/ Ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman a 1999, ta sabunta su a 2008. Ginshiƙai huɗu ne: mutum ya iya riskar abin da ke shafin, ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, kuma shafin ya yi aiki a na'urori iri-iri.

25/ Makaho yana amfani da waya, kar ku yi mamaki. Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, suna karanta masa abin da ke fuskar wayar. In ka sa hoton giwan ruwa ba ka rubuta bayaninsa ba, babu abin da za a faɗa masa sai "hoto", ko wani dogon sunan fayil marar ma'ana. Ka gayyace shi biki ka bar shi a bakin ƙofa.

26/ A Najeriya ma an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. Mun fi tuna ta in ana maganar matakalar gini. Ai shafin intanet ma gini ne, yana da ƙofa, kuma mai zane ne ke yanke faɗinta.

27/ Mu Hausawa muna da tamu matsalar ta daban: ƙ, ɗ, ɓ. Tsarin Unicode, wanda kundinsa na farko ya fito a Oktoban 1991 (shekarar nan dai!), ya ba haruffan nan gurbi. Amma salon haruffa da yawa na ƙawa ba su zana su ba. Sai ka ga "ƙora" ta fito da akwati a gaba, ko a cire lanƙwasar, "ɓata" ta koma "bata".

28/ Mu dawo gulbi. Madatsun ruwa da aka gina a sama, Bakolori a shekarun 1970 da Goronyo bayanta, sun canza yadda ruwa ke sauko wa fadamar Kabi. Ga ƙarancin ruwa a wasu shekaru, ga matsalar tsaro. Bayan bikin 2009 aka yi kusan shekara 10 ba a yi ba, sai Maris 2020 aka dawo da shi.

29/ Ana cikin wannan hutun ne, a 2016, UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya. Ku yi lissafi: yaron da yake shekara 8 a 2009 sai da ya kai 19 kafin ya sake ganin babban su da idonsa. Sa'o'inmu da yawa a waya suka fara sanin bikin garinsu.

30/ Kuma in ka nemi Argungu a intanet, abin da zai fi fito maka Turanci ne da manyan hotunan da aka ɗauka don baƙi. Hotunan suna da kyau, ba musu. Amma jikan masuncin da ke cikin hoton, da yake zaune a ƙauye da sabis mai ɗaukewa, shi ne na ƙarshe da zai iya buɗe su.

31/ Haka gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarki ce, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Akwai makamai, ganguna, kayan su da kayan sarauta. Daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa ɗaya ce, amma ɗalibi nawa ne a Zuru ko Jega suka taɓa shiga? Shafi mai sauƙi da Hausa zai kai musu shi har ɗaki.

32/ Ko akwai wanda ya gwada gina shafi bisa dokar halitta da gaske? Akwai. A 2018 mujallar Low-tech Magazine ta ɗora shafinta kan wata 'yar kwamfuta mai aiki da hasken rana a Basalona ta Sifaniya. Sun rage launin hotuna, sun bar haruffan da ke cikin na'urar mai karatu. In hadari ya daɗe batir ya ƙare, shafin ya huta har rana ta fito.

33/ Wannan ya fi kusa da dokar Matan Fada fiye da duk wani shafi mai bidiyon ruwa na gudu a bayansa. Kwaikwayon halitta iri biyu ne. Akwai mai ɗauko hoton gulbi ya manna. Akwai mai koyon yadda mutanen gulbi ke auna abin da za su ɗauka. Na biyun nake ba 'yan'uwa masu koyon zanen shafi shawara.

34/ A aikace ya za a yi? Fara da lissafi. Rubutu mai kalma 2,000, kamar zaren nan, bai wuce KB 15 ba. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai MB 3. Wato hoto ɗaya ya ninka duk tarihin da kuka karanta yanzu sau 200. Ka rage girmansa, ka matse shi a tsarin WebP, zai iya sauka wajen KB 100 kuma ya yi kyau a waya.

35/ Launi ba ya da nauyi, 'yan haruffa ne a cikin lambar shafi. Ɗauko shi daga fadama: koren shinkafa, ruwan ƙasa na gulbi da damina, ruwan ɗorawa na busasshiyar gora, baƙin shuni na rini. Uku sun isa. Wanda ya san Argungu zai gane gida tun kafin ya ga hoto ko ɗaya.

36/ Amma a kula da bambancin rubutu da bango. Ƙa'idar W3C ta ce hasken ɗaya ya ninka na ɗayan aƙalla sau 4.5. Koren rubutu a kan koren bango yana da kyau a ɗaki mai fanka. Fito da shi tsakar rana a kasuwar Argungu cikin watan Afrilu, a wayar da gilashinta ya tsage, ka ga ko za ka karanta.

37/ Ado kuma a yi shi da zanen layi. Lanƙwasar homa, zagayen gora, igiyar ruwa, duk ana zana su a tsarin SVG da KB ɗaya ko biyu, kuma ba sa dusashewa komai girman fuskar na'ura. Haruffa a bar na cikin waya, ko a zaɓi salon da aka gwada aka ga yana da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana.

38/ Kada bidiyo ko kiɗa ya tashi da kansa. A rubuta nauyinsa a gefe, mutum ya zaɓa da kansa, kuɗinsa ne. Kowane hoto a rubuta bayaninsa da Hausa: "masunci kwance kan gora, riƙe da homa biyu". Maɓalli ya yi girman da babban yatsan manomi zai danna ba tare da ya taɓa na kusa ba.

39/ Kada a manta da waɗanda ba su yi boko ba, cikinsu har da dattawan da suka fi kowa sanin tarihin nan. A naɗi murya ana karanta shafin. Minti ɗaya na magana, in an matse shi, zai tsaya ƙasa da KB 300. Bidiyo kuma a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame.

40/ Na san wani zai ce: "Malam, gani ya kori ji. Bikin Argungu abin kallo ne, da hotuna ake jawo baƙi da masu zuba jari." Gaskiya ne, ban ce a cire hoto ba. A sa guda biyu ko uku masu kyau a shafin farko, sauran a ajiye su a ɗaki na daban, mai wadatar data ya shiga ya more.

41/ Kuma shi baƙon ma, ranar da ya iso Matan Fada, yana cikin dubban mutane da ke rububin sabis ɗaya. A lokacin abin da yake nema jadawalin biki ne, da hanya, da masauki. Shafin da ya buɗe wa ɗan ƙauye shi ne zai buɗe masa. Daidai ruwa daidai tsaki.

42/ Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. Ari waya mafi araha a gidanku, mai da sabis ɗinta 3G ko ƙasa da haka, ka buɗe shafin. Sannan ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka nemi ranar da za a yi kabanci. In ka samu, aikinka ya yi. In ba ka samu ba, koma ka rage kaya.

43/ 'Yan'uwa da ke koyon wannan sana'a a jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, da ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida: Surame, gidan tarihin Kanta, sarautun ruwa, kabanci da tseren kwale-kwale. A rubuta da Hausa, a nemi izinin masu abin kafin a naɗi muryarsu ko a ɗauki hotonsu.

44/ Nan zan tsaya. Kabawa da ke nan, ku ajiye mana a ƙasa abin da kuka ji daga bakin kakanninku game da fashin ruwa da sarautar Homa, mu ƙaru. Wanda kuma yake da aboki mai zanen shafi, ya tura masa zaren. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika Matan Fada da kifi. 🐟